Wa zai tuɓe wa baragurbin ƴan sanda kaki?

Makonni kaɗan da suka wuce ɗan yayata, wanda yake kabu-kabu tsakanin kasuwar Dole ta nan Zinder (Damagaram) da unguwannin da ke kewaye da ita, ya shigo gida da kumburarren ido. Wani ɗan sanda ne ya tsayar da shi, ya duba takardun babur ya tarar sun cika, amma duk da haka ya nemi jika ɗaya, da yaron ya ce bai yi cinikin da zai bayar ba sai ya sha mari. Da dare na ba abokan hira labarin, kuma kafin in gama siffanta mutumin uku daga cikinsu sun gane shi, kowa da nasa labarin a kansa. Wannan ne ya fi marin damuna, domin idan ƴan kabu-kabu da masu shayi sun san halinsa, da wuya a ce waɗanda suke ba shi umarni kowace safiya ba su sani ba.

A takarda dai amsar ba ta da wuya. Ƴan sandan Nijar suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ba kamar jandarma ba da suke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma suna da babban darakta a Yamai. Jami'in da ya yi laifi a bakin aiki ana iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a rage masa girma, ko a kore shi baki ɗaya, amma manyan hukunce-hukuncen sai an gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa ya kare kansa, sannan shugabannin sama su sa hannu. Ban ga laifin wannan tsari ba, don da kowane shugaba zai iya korar na ƙasa da shi da baki kawai, to masu gaskiyar ne za su fara tafiya. Akwai kuma hanyar kotu, tun da duka da karɓar cin hanci laifuka ne ko wane ne ya aikata su, kuma mai shigar da ƙara na gwamnati shi ne yake sa ido kan aikin jami'an da ke binciken laifuka.

Matsalar tana cikin tazarar da ke tsakanin wanda ya sani da wanda yake da iko. Shugaban komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya san mai shaye-shaye, ya san mai saurin hannu, ya san wanda ya gina gidan da albashinsa ba zai iya ginawa ba, sai dai ba shi da hurumin korar kowa. Wanda yake da hurumin yana zaune kusan kilomita 900 daga Damagaram, bai taɓa ganin fuskar mutumin ba, abin da ya sani kawai shi ne abin da aka rubuto masa. Saboda haka a ganina nauyin ya fi faɗawa kan shugaba na kusa, wanda alƙalaminsa ne gadar da ke tsakanin titi da ofishin minista. Idan bai rubuta rahoto ba, fayil ɗin jami'in zai ci gaba da zama fes, kuma da wannan fayil ɗin za a ƙara masa girma idan lokaci ya yi.

Abin da aka fi yi maimakon rahoton shi ne canjin wurin aiki. Idan ƙorafi ya yi yawa sai a ji an mayar da mutum wani gari, mutanen nan su yi hamdala, mutanen can su karɓi abin da ba su shuka ba. Shugaban ya rabu da ciwon kai ba tare da ya ɓata da kowa ba, shi kuwa baragurbin ya koyi cewa iyakar abin da za a yi masa ke nan.

Ba a ce ba a taɓa hukunta kowa ba. A watan Disamba na 2011, bayan tarzomar da aka yi a nan Zinder wadda aka rasa rayuka a cikinta, gwamnati ta sauke wasu manyan shugabannin ƴan sanda daga muƙamansu. A 2017 kuma, bayan zanga-zangar ɗaliban jami'a a Yamai, kotu ta ɗaure ƴan sanda uku shekara ɗaya saboda dukan wani ɗalibi, kuma bidiyon dukan da ya bazu a wayoyin mutane shi ne ya hana maganar mutuwa. Duka biyun sai da jini ya zuba ko hoto ya fita duniya ta gani kafin a motsa. Marin ɗan kabu-kabu a bakin kasuwa ba ya kai wannan matsayi, alhali irinsa ne yake cinye mutuncin kakin sannu a hankali, har yaro ya tashi yana ganin ɗan sanda abin gudu ne. Na san jami'ai da yawa masu kwana a titi cikin sanyin hunturu ba su taɓa karɓar ko dala ta kowa ba, kuma su ne suke shan zagin da wani ya jawo.

Mu ma muna da kasonmu, ko da ba ma so a faɗa. Ranar da aka ce za a hukunta wani jami'i, kafin rana ta faɗi an yi kamun ƙafa wurin malami ko mai unguwa ko wani babba, ana cewa yana da iyali, a rufa masa asiri. Wanda aka zalunta kuwa sai danginsa su taru a kansa da ba da haƙuri har ya janye. Sulhu abu ne mai kyau tsakanin maƙwabta biyu, amma wanda aka ba makami da ikon tsare mutane da sunan ƙasa ba maƙwabci ba ne a lokacin da yake cikin kaki.

Da na ce zan rubuta takardar ƙorafi, yayata ta riƙe hannuna ta ce, “Ƙanena, don Allah ka bari. Gobe ma a titin nan yaron zai nemi abinci, kai kuwa kana ofis.” Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba. Na dai sa yaron ya je asibiti aka rubuta masa takardar shaidar rauni, na rubuta rana da wuri da sunayen mutum biyu da suka ga abin, na ajiye. Takardar ƙorafin tana nan cikin aljihun tebur ba sa hannu, ina jiran amincewar uwarsa.