Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Larabci da Safe, Turanci da Dare a Alƙahira

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na samu aikin koyar da Turanci a wata cibiya mai zaman kanta a Madinatu Nasr, daidai lokacin da guzurin da na shigo Masar da shi ya fara ƙarewa. Yau sai yadda aikin ya zauna da karatun da ya kawo ni, da abin da zaman yake ci, da maganar takardu, wadda ta fi komai hana ni barci.

Da safe ni ɗalibi ne. Ina zuwa markazin Larabci har azahar, nahawu da sarfu da insha'i, a aji ɗaya da 'yan Indonesiya da Malesiya da wasu 'yan Rasha. Bayan la'asar sai in ɗauki jaka in koma malami, ba na tashi sai dare ya yi nisa, domin ɗalibaina sai sun taso daga aiki ko jami'a suke zuwa. Galibinsu samari ne da 'yan mata masu neman aiki a kamfanonin amsa kiran waya, sai injiniyoyi da ma'aikatan jinya masu shirin jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS don su fita waje. Mutane ne masu himma, kuma har yau ina yi musu addu'a.

Biya kuwa na awa ne. Ranar da aji bai cika ba aka soke darasi, babu ko sisi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bambancin fasfo. Wanda ya zo da fasfon Ingila ko Amurka, ko bai taɓa tsayawa gaban allo ba, kuɗin awarsa ya fi nawa nesa, alhali ni Turanci na karanta a jami'a kuma na koyar kafin in zo. Mai cibiyar bai ɓoye mini ba, ya ce masu biyan kuɗi ne suke tambayar ƙasar malami tun kafin su yi rajista. Abin da kan rage wannan rata shi ne shaidar koyar da Turanci ta CELTA daga Cambridge, wadda British Council ke koyarwa a unguwar Aguza, amma kuɗinta ya fi ƙarfina a lokacin. Duk mai niyyar wannan hanya, in da hali, ya yi ta tun kafin ya ɗauki jaka.

Sai dai asarar da ban hango ba ba ta kuɗi ba ce. Na zo da tunanin cewa zama cikin Larabawa kaɗai ya isa ya buɗe mini baki. Ashe duk wanda ya ji kai malamin Turanci ne, ya daina yi maka Larabci ke nan. Mai kantin magani na ƙasan gidanmu, ɗan mai gidan haya, har abokan aiki, kowa so yake ya gwada Turancinsa a kanka. A cibiya kuma doka ce ba a Larabci a aji. Ga shi abin da nake koya da safe fusha ce, ta littafi da huɗuba da labaran rediyo, ita kuwa kasuwa da motar haya ammiyya, wato Larabcin titi, suke ji. Sai na wayi gari ina iya i'irabin jimla mai tsawo a kan allo, amma idan direban ƙaramar bas ya yi mini magana da sauri sai in tsaya ina kallonsa.

Wani babban yayanmu da ke digiri na biyu a Azhar shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Ƙanena, biyu-biyu kake yi, kuma wanda ke ba ka kuɗi shi zai cinye ɗayan in ba ka tashi tsaye ba. Ka ware ranakun da bakinka ba zai furta Turanci ba ko da wa ka haɗu." Na ce, "Yaya, to abinci fa?" Ya ce rage awanni ba barin aiki ba ne. Na bi shawararsa, na ajiye darussan Asabar duk da cewa ita ce ranar da ta fi kawo kuɗi, na koma zaman halƙoƙin karatu a masallacin Azhar, inda ake karantarwa kyauta, malami na karanta matani da fusha yana warwarewa, wani lokaci da ammiyya. A nan kunnena ya fara buɗewa.

Maganar tsadar rayuwa kuma, a Hayyul Ashir muke zaune, unguwar da ɗaliban Afirka da Asiya suka cika, mu huɗu a gida mai ɗaki biyu. Kafin ka shiga gida sai ka biya dillali, ka ajiye kuɗin wata guda a hannun mai gida, sannan mai gadin bene yana da nasa duk wata. Abinci bai da tsada a lokacin in ka yarda da ful (dafaffen wake) da ta'amiyya (irin ƙosansu) da safe, koshari (shinkafa da taliya) da rana. A lokacin tikitin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, fam 1 ne na kuɗin Masar duk inda za ka. Da haka albashina yake biyan haya da kuɗin markaz, har a ɗan rage.

Ranar 3 ga Nuwamba, 2016, babban bankin Masar ya saki fam kasuwa ta yanke masa daraja, a kan hanyar karɓar bashin dala biliyan 12 daga asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Dalar da take kusan fam 9 a banki, kafin shekara ta ƙare ta haura 18. Tukunyar gas ta tashi daga fam 8 zuwa 15, a watan Yunin 2017 ta koma 30. Metro ya zama fam 2 a watan Maris na 2017. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Abokan zamana da ake aiko wa dala daga gida ba su ji jiki sosai ba. Ni da ake biya da fam, kuɗin markaz kuma da dala ake lissafa shi, sai aikin wata guda ya daina biyan karatun wata guda. Ɗalibaina ma suka fara raguwa, don wanda ke neman sukari ba ya tunanin darasin Turanci.

Duk wannan da sauƙi a kan iƙama, wato izinin zama a ƙasa. A wancan lokaci a Mugamma ake sabunta ta, wani ƙaton gini mai hawa 14 a dandalin Tahrir, kafin a mayar da ofishin Abbasiyya a 2019. Da asuba nake fita, bas zuwa Abbasiyya, metro zuwa Ataba, in canja zuwa tashar Sadat. Ka zo da hotuna, da kwafin fasfo da na hatimin shigowa, da takardar haya da aka yi wa rajista a Shaharul Aƙari, ofishin rajistar kadarori, ka sayi kan sarki, ka bi layin taga. Ɗalibin Azhar yana da wasiƙar makaranta da ke ba shi iƙamar karatu. Ni markazina mai zaman kansa ne, don haka iƙamar yawon buɗe ido ake buga mini, ta 'yan watanni, kuma a jikin hatimin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a yarda da aiki ba.

Wannan rubutu shi nake gani duk daren da na shiga aji. Malaman ƙasashen waje da yawa haka suke aiki, kowa ya sani, amma sanin kowa ba ya kare ka ranar da aka hana ka haƙƙinka, domin ba ka da bakin kai ƙara. Izinin aiki na gaskiya ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa, kuma wanda ya ɗauke ka shi zai nema maka. Sai an tantance takardun karatunka, an yi maka gwajin cutar ƙanjamau, sannan a lokacin doka ba ta bari baƙi su wuce kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan wuri. Manyan makarantu na 'ya'yan masu hali suna yin wannan wahala saboda malamansu. Ƙananan cibiyoyi irin tamu ba sa yi.

Na sami mai cibiyar a ofishinsa na ce, "Ustaz, ko dai a nema mini izini, ko in nemi wani wuri." Ya yi shiru, sannan ya ce in ba shi mako biyu. A cikin makon ne yayan nan namu ya zo da labarin cewa an buɗe karɓar takardun baƙi masu son shiga ma'ahadin Azhar, makarantarsu ta ƙasa da jami'a, amma sai an yi jarrabawar tantance matakin Larabci, kuma karatun kullum ne. Abin da mai cibiyar ya dawo mini da shi, da yadda jarrabawar ta kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.