Faifan da Ya Dace da Ruwa Mara Zurfi: Abin da Na Koya a Bakin Tekun Skegness

Yawancin mutanenmu sun san na'urar gano ƙarfe ne ta dalilin zinare, musamman tun daga shekarar 2014 da aka yi rububin zuwa Djado a arewacin Nijar, inda matasa suka riƙa yawo cikin hamada da sanda mai faifai a ƙasa. Ni kuwa a Ingila na fara riƙe ta, kuma abin da nake nema bai wuce zobba da sulalla da 'yan kunnen da masu wanka ke zubarwa a bakin teku ba. Daga Leicester, inda nake zaune, Skegness ne bakin tekun da mutanen yankin suka saba zuwa, don haka can na koyi aikin, can kuma na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu.

Na'urata Minelab Equinox 800 ce, ƙirar wani kamfanin Ostareliya, wadda ake iya nutsa ta cikin ruwa har zurfin mita 3, kuma tana zuwa da faifai mai faɗin inci 11. Faifan nan shi ne kunnen na'urar: a cikinsa akwai kwayil biyu, wato naɗin waya, ɗaya yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ɗayan yana sauraron abin da ya dawo idan akwai ƙarfe. Bayan na yi wata biyu ina aiki a kan busasshen yashi, sai na ga cewa duk abin kirki yana cikin ruwa, domin a can ne sanyi ke sa yatsa ya tsuke, man shafawa kuma ya sa zobe ya sulluɓe ba tare da mai shi ya sani ba. Zinare yana da nauyi, saboda haka ba ya zama a sama, nutsewa yake yi cikin yashi har sai ya tarar da laka ko tsakuwa. Da wannan lissafi na yanke wa kaina hukunci cewa zurfi nake buƙata, na je na sayi babban faifai mai inci 15 da 12 ba tare da na shawarci kowa ba.

A kan jiƙaƙƙen yashi, bayan teku ya janye, faifan ya burge ni ƙwarai, don yana share fili mai faɗi a lilo ɗaya, kuma yana jin kwabo a zurfin da ƙaramin yake fara raɗa. Amma ranar da na shiga ruwa da shi har gwiwa, sai labari ya sha bamban. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, kuma duk inci ɗaya da aka ƙara wa faifai, hannu ne zai biya kuɗinsa. Kafin in cika minti arba'in kafaɗata ta fara zafi, gwiwar hannuna ta yi tsami, kuma kowace igiyar ruwa da ta zo sai ta ɗauki faifan ta karkatar da shi kamar an buga wa mai talla faranti. Abin da ya fi damuna shi ne, da gajiya ta kama ni, sai na lura ina ɗaga faifan sama da yashi da kusan inci uku a ƙarshen kowane lilo, wato zurfin da na kashe kuɗi don in samu na mayar da shi da hannuna, har da ƙari.

Sai kuma maganar gishiri, wadda ita ce ban fahimta ba sam a lokacin. Ruwan teku yana ɗaukar lantarki, don haka na'ura tana jin sa kamar wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai rauni, kuma abin takaicin shi ne siginar gishiri tana faɗowa ne kusa da inda siginar ƙaramin zinare take. Wannan ne ya sa na'urori masu aika sigina a kan zango ɗaya tak, kamar tashar rediyo, suke yawan surutu a jiƙaƙƙen yashi, aka kuma fi son masu aika zango da yawa a lokaci guda, waɗanda ke iya cire amon gishirin su bar na ƙarfe. To amma ko da irin wannan na'urar, babban faifai yana kallon ruwa mai yawa fiye da ƙarami, kuma idan igiya ta wuce ta kansa zurfin ruwan ya canja, sai ya yi ƙara kamar ya ga wani abu. Dole na riƙa rage ƙarfin jin na'urar har sai ta yi shiru, kuma duk matakin da na rage, zurfi ne ya tafi. A ƙarshe ina aiki da babban faifai a ƙarfin da bai kai wanda nake amfani da shi a kan mai inci 11 ba.

Wani dattijo Bature da nake yawan gani a wurin, wanda ya fi ni daɗewa a harkar nesa ba kusa ba, ya tsaya yana kallona ina fama da shebur, na haƙa rami uku ban sami komai ba. A cikin ruwa mutum ba ya ganin ramin da yake haƙawa, ruwan Skegness kuma ga shi da duhu kamar kunun kanwa, yashi yana komawa ramin tun kafin a ɗaga shebur. Ya nuna mini yadda zan daidaita tsakiyar faifan a kan siginar, in sa babban yatsan ƙafata a bayansa, in janye faifan, sannan in kafa bakin shebur daidai inda yatsan yake. Dabarar tana aiki sosai, sai dai da faifai mai inci 15 tazarar da ke tsakanin tsakiyarsa da bayansa ta yi yawa, kuskuren inci biyu kuwa ya isa ya sa abin ya zame ya ƙara nutsewa.

Game da siffar kwayil, ba ni da zaɓi mai yawa, domin faifayen na'urata duka irin waɗanda ake kira DD ne, wato kwayil biyu masu kama da harafin D da suka ɗan hau kan juna. Siginarsu siririya ce kamar kaifin wuƙa daga gaban faifai zuwa bayansa, kuma sun fi jure gishiri da baƙin yashi mai sinadarin ƙarfe fiye da masu zobe cikin zobe, ko da yake masu zobe cikin zoben sun fi sauƙin nuna ainihin inda abu yake. Wanda zai sayi na'ura irin Excalibur II, wadda faifanta a haɗe yake da ita ba a cirewa, ya kamata ya yi wannan tunani tun a shago, tunda mai inci 8 ko mai inci 10 da ya ɗauka shi zai zauna da shi.

Yanzu faifai mai inci 11 ne a kan sandata a mafi yawan lokuta idan zan shiga ruwa, ina tafiya da shi a hankali yana shafar yashi, kuma ina iya yin awa uku ba tare da na sauya hannu ba. Na ƙara da ƙarami mai inci 6 saboda gindin katakan da ake kafawa don tare yashi, inda ƙusoshi da murafen gwangwani suka yi yawa, ga kuma kwabban peni 1 da peni 2 da tun 1992 ake yin su da ƙarfe a shafe da jan ƙarfe, waɗanda ke yin tsatsa su riƙa ba da sigina mai ruɗarwa. Ƙaramin yana ratsa ruwa kamar babu shi, yana kuma rarrabe abubuwan da ke kusa da juna, amma a buɗaɗɗen fili ɓata lokaci ne. Babban kuwa ban sayar da shi ba, ina ɗaura shi a ranakun sabon wata da tsakiyar wata, lokacin da teku ke janyewa nesa ya bar yashi a shimfiɗe.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka ci mini rana guda cur. Yashi da ruwan gishiri suna shiga tsakanin faifai da murfin robar da ke kare shi, su riƙa motsi suna sa ƙarar ƙarya, haka ma wayar faifai idan ba a naɗe ta da kyau a jikin sanda ba, igiya tana kaɗa ta. Tun daga ranar nake cire murfin in wanke komai da ruwan famfo da zarar na dawo gida.

Zoben zinare na farko da na samu, da faifai mai inci 11 ne, a ruwan da bai kai ƙuguna ba, kuma zurfinsa a cikin yashi bai fi inci biyar ba. Akwai haruffa biyu da kwanan wata a cikinsa, don haka na bi hukuncin tsintuwa kamar yadda aka koya mana tun muna yara, na yi cigiyarsa a garin, na ajiye shi a aljihun tebur ina ƙirga watannin shekara.