Wasiƙa daga Mancesta: ɗakin da babu komai a ciki sai amsa-kuwwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata maƙwabciyata, Bahaushiya, da ta kira ni ƙarfe biyun dare tana kuka. 'Yarta mai shekara 16 ta ce mata ta kai shekara biyu tana jin kamar jikin mace ba nata ba ne. Maganar ta girgiza uwar, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne baƙi barkatai a intanet sun riga ta ji, ita da ta haife ta.

Washegari na zauna da yarinyar a ɗakinta, labule a sake, abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba. Ta miƙo mini wayarta. A wani zaure na manhajar hira ta Discord, duk ranar da ta rubuta cewa tana shakka, sai a yi mata caa: ai tsoron iyaye ne, in sun ƙi yarda ki rabu da su, mu ne danginki. Da ta gaji ta nemi ɗaya ɓangaren a YouTube da TikTok, sai bidiyo ya riƙa bin bidiyo, wannan ya ce mahaukaciya ce, wancan ya ce la'ananniya. Manhajar kuwa ba ruwanta da gaskiya, tana lura ne da inda ido ya daɗe, ta ƙaro irinsa.

"Anti," in ji ta, "ni fa ban sani ba. Amma duk inda na ce ban sani ba sai a ji haushina."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ko manyan likitocin ƙasar nan sun koka da irin haka. Asibitin Tavistock da ke Landan, wanda ya daɗe yana duba yara masu wannan damuwa, an tura masa ƙasa da yara 250 a shekarar 2011 zuwa 2012. Bayan shekara goma adadin ya haura 5,000, akasarinsu 'yan mata masu tasowa. An rufe sashen da ke duba yaran a watan Maris na 2024, a Afrilu kuma Dakta Hilary Cass ta fitar da rahoton binciken da hukumar lafiya ta NHS ta sa ta yi. Ta ce hujjar da ake da ita kan magungunan dakatar da balaga ba ta da ƙarfi, ta ce da yawa daga yaran suna fama da fargaba da ciwon damuwa, amma da zarar an ambaci jinsi sai a manta da sauran ciwon. Ta kuma ce gardamar ta yi dafin da har ma'aikatan lafiya suna tsoron buɗe baki. Akwai likitoci da ƙungiyoyin da suka soki rahoton, har yau ana ta ja-in-ja. Su kuwa yaran suna layi shekara da shekaru kafin a gan su, kuma a tsawon jiran nan waya ce likitansu.

Mun ga abin da waya ke iya yi wa yaro mai rauni. Molly Russell, wata yarinya 'yar Landan, shekararta 14 lokacin da ta rasu a 2017. Tata damuwar ba ta jinsi ba ce, amma a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa abubuwan da manhajoji suka dinga tura mata suna da hannu a rasuwarta.

Kada ku ce wannan ta Turawa ce. Wayar da ke hannun yarinyar nan ita ce a hannun yaranmu a Kano da Damagaram. Yaron gida ya ga yadda ake jifan 'yan daudu da baƙar magana, ya san abin da zai biyo baya in ya yi subul da baka, don haka sai ya kulle ƙofa ya tambayi baƙi. Ba na neman kowa ya sauya aƙidarsa, ni ma ina da tawa. Roƙona shi ne in ɗanki ya daina cin abinci, ya daina barci, ki fara da wannan. Duka da gori ba sa fitar da tambayar daga zuciyarsa, sai dai su kora shi wurin waɗanda suka ce masa dama iyayenka ba sa ƙaunarka.

Maƙwabciyata ba ta amince da komai ba, ba ta kuma kori 'yarta ba. Sun je wurin likitan unguwa kan rashin barcin. Bayan sallar isha suna barin wayoyinsu a falo su shiga kicin, uwa tana tuƙa tuwo, 'ya tana yanka kuɓewa, wani lokaci su yi magana, wani lokaci shiru. Har yanzu yarinyar tana cewa ba ta sani ba. Ranar Lahadin da ta wuce na leƙa su, na tarar ta cinye kwanonta har tana neman ƙari.

Taku a kullum,
'yar uwarku a Mancesta