Ƙafa 200 a mil, ba a minti ba

Wata Talata ce cikin watan Afrilu, a filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai. Ƙura ta turnuƙe, da ƙyar ake hango ƙarshen titin jirgi, zafi kuwa ya kai digiri 43. Irin wannan rana ido ba shi da amfani bayan an tashi, sai na'ura. Malamina na tuƙin jirgi ya tura mini taswirar tashi, ya ce, "To ɗana, Cessna 172 ɗinmu za ta iya hawan da ake nema?"

Cessna 172 ƙaramin jirginmu ne mai inji ɗaya. Na san ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya: in ba a rubuta wani adadi ba, hawan 3.3 cikin 100 ake so, wato ƙafa 200 a kowane mil na teku. Littafin jirgin kuma ya ce ƙafa 730 a minti. Na ce, "Malam, har da rara."

Sai da ya kurɓi shayinsa tukuna. "200 a me? 730 kuma a me?"

Kunya ta rufe ni. Ashe tiyar hatsi na gwada da litar fetur: ɗaya awon tazara ne, ɗaya na lokaci. Abin da ke haɗa su shi ne gudun jirgi bisa ƙasa. Ka ninka ƙafa 200 da gudun, ka raba da 60. Na sa gudun hawanmu, not 74 (not ɗaya shi ne mil na teku ɗaya a awa), na samu ƙafa 247 a minti. Malam ya sa biro ya soke 74 ɗin. Wannan abin da allurar na'urar auna gudu ke nunawa ne, in ji shi. A iska mai zafi ainihin gudun ya kusa 80, in kuma muka juya yamma iskar gabas ta not 20 za ta turo mu ta baya. Ga 100 ke nan, bukata ta koma ƙafa 333 a minti. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne iskar da nake wa murna don tana kai mu gida da wuri, ita ce ke cinye mana hawa.

Ita ma 730 ɗin ba tamu ba ce, ta bakin teku ce a digiri 15. Yamai na bisa tudun ƙafa 700 da ɗoriya kawai, amma a zafin ranar inji da fukafukai ji suke kamar suna sama da ƙafa 4,000. Da na bi jadawalin da yatsa, da cikakken lodi, kimanin 600 ya rage.

Mun wuce dai, 600 ta fi 333. Ina tattara takardu ya ce, "Da taswirar ta ce 5 cikin 100 fa?" Na ninka 5 ɗin da gudunmu na not 100, ƙafa 500 da 'yan kai a minti. Rarar ba ta kai ɗari ba, ga injin ya kwana biyu a duniya.

Na ce, "Sai mu rage kaya, ko mu bari sai sanyin asuba."

Ya miƙo mini kofin shayi na biyu, ya ce in sake lissafin da digiri 28.