Wasiƙar goyon baya ba ita ce izinin karɓar bayanai ba

Tallafin binciken tsaron teku dai mun samu, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni malamin kimiyyar kwamfuta ne a wata jami'a a arewa, inda ko babban kogi ba mu da shi balle teku, kuma abokan aiki sun sha tsokanata a kan haka. Amma hujjarmu tana da ƙarfi. A 2020, cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su, kamar yadda IMB, hukumar da ke tattara rahotannin fashin teku a duniya, ta ƙirga. Muka ce za mu horar da ƙirƙirarriyar basira ta riƙa zaƙulo jiragen da suka kashe na'urar AIS, wadda dokar sufurin teku ta wajabta wa manyan jirage su bari a kunne tana shelar sunansu da inda suke. Jirgin da rada ta hango amma ya yi gum, mai yiwuwa satar kifi yake, ko satar mai, ko abin da ya fi haka.

Cikin takardun da muka miƙa akwai wasiƙa daga wata hukuma mai hannu a tsaron teku, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Babban jami'i ne ya sa hannu, ga tambari, ga hatimi, an rubuta cewa za su ba mu duk haɗin kan da ya dace. Masu tantancewa sun yabe ta. A kanta muka ɗora komai, domin bayanan radarsu ta bakin gaɓa da rahotannin sintirinsu su ne za su nuna wa na'urarmu wane jirgi ne na gaskiya, wane ne ɓarawo.

Da kuɗi ya shigo na tafi karɓar bayanan, sai na tarar an yi wa jami'in nan canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya karanta wasiƙar har ƙarshe, ya ce, "Dakta, goyon baya kam muna nan a kai. Amma ina aka rubuta za a ba ku bayanai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ne haɗin kan." Ya yi murmushi kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiyarsa ce. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma ba jami'in da zai zuba maka bayanan rada a filashi saboda wasiƙar da wani ya rubuta. Sai an ƙulla yarjejeniya wadda lauyoyin ɓangarorin biyu suka duba, an tantance duk ɗalibin da zai taɓa bayanan, an tanadi kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, an kuma amince da wanda zai duba maƙala kafin ta fita. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a kasafinmu, kuma ba wanda ya tambaye mu shi lokacin tantancewa.

Muna wannan safa da marwa naira ta faɗi. Da muke rubuta kasafi dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Tallafinmu da naira ne, na'urar GPU kuwa, wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita, da dala ake saye. Na jinkirta sayenta ne don in ga girman bayanan tukuna. Ƙarshe ƙarama muka saya.

Abin da ya cece mu yana nan kyauta tun farko: hotunan radar tauraron ɗan'adam Sentinel-1 na Tarayyar Turai, da tarin hotunan gasar xView3 ta 2021, wadda sashen ƙirƙira na ma'aikatar tsaron Amurka ya shirya tare da Global Fishing Watch, ƙungiyar da ke sa ido kan kamun kifi a teku. An riga an yi wa jiragen alama a ciki. Sai dai su ma da nasu. Sentinel-1B, ɗaya daga cikin taurarin biyu, ya lalace a Disambar 2021, don haka a lokacin aikinmu sai bayan kwana 12 tauraro ke sake bi ta wuri ɗaya. Kwalekwalen katako da ƙananan jirage masu gudu, irin na 'yan fashi, da ƙyar suke fitowa. A gaɓar Neja Delta kuwa, na'urarmu ta yi ta ɗaukar dandamalin haƙar mai a matsayin jirgin da ya ɓuya, har sai da ɗalibaina suka zauna suka ware su ɗaya bayan ɗaya. Dole muka rage buri, muka koma kan manyan jiragen kamun kifi kawai, kuma masu ba da tallafin suka amince.

Yanzu duk wanda ya kawo mini daftarinsa na neman tallafi, shafin bayanai nake fara buɗewa. Kwai a baka ya fi kaza a akurki: gina manufar farko a kan bayanan da ka riga ka sauke, na hukuma su zama ƙari. In kana buƙatar nasu, a rubuta irinsu, da shekarun da suka ƙunsa, da ranar miƙawa, kuma da sunan ofishi za a ƙulla, kada a ƙulla da mutum, domin masu kaki ba sa daɗewa a kujera ɗaya. Duk abin da za a saya da dala a saye shi da kason farko.

Yarjejeniyar tamu ta fito daga baya, bayan mun miƙa rahoton ƙarshe. Da ita nake neman zagaye na biyu.