Taken shirye-shiryen talabijin da nake tarawa a wayata

Shekara uku ke nan da na fara tara taken shirye-shiryen talabijin, ɗan kiɗan nan ko waƙar da ake buɗe shiri da ita. A kasuwar Wunti abin ya samo asali. Na kai memori wajen wani yaro mai turi ya sa min karatu, sai na ji wani kiɗa na tashi daga kwamfutarsa, tsigar jikina ta tashi. Taken Cock Crow at Dawn ne, wanda Bongos Ikwue ya rera, shirin NTA na shekarun 1980. Nan take na ga tsakar gidanmu, ga tabarma a shimfiɗe, ga talabijin mai hoto baƙi da fari an fito da ita an ɗora kan kujera, yaran unguwa sun cika ƙofa har zaure. Na ce da yaron ya tura min shi, ko nawa ne.

Daga nan na shiga nema. Wasu a YouTube na samo su, wasu a tsofaffin kaset ɗin bidiyo na wani abokina da ke Yelwa, na kara waya a bakin lasifika na naɗa. Da farko duk wanda sautinsa ke shuuu sai in goge, in nemi mai tsabta. Daga baya na yi nadama ƙwarai, domin da wannan shuuu ɗin kunnena ya san su. Mai tsabtar kyau gare shi, amma ba ya mayar da ni gida.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci shi ne jerawa. Na gwada bin shekaru, na gwada raba na Hausa da na Turanci, duk ba su zauna min ba. Sai wata rana na jera su yadda yammacinmu yake tafiya a da: na yara a gaba, irin su Tales by Moonlight da muke jira ranar Lahadi, sannan wasan kwaikwayo, inda na sa Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, sai taken labaran ƙarfe tara na dare, lokacin da Baba kan ce kowa ya yi shiru. A ƙarshe na sa taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024, tunda da shi ake rufe tasha. Na zamani, irin Daɗin Kowa na Arewa24, jeri dabam na yi musu, ba na gauraya su.

Sau ɗaya memorin ya lalace, aikin wata shida ya tafi. Tun daga ranar nake ajiye kwafi biyu, kuma ina rubuta sunan kowane take a ranar da na same shi.

Da Sallar bara na kunna wa Inna jerin, tana tsince shinkafa a faifai. Da aka zo kan taken labarai sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗan nan, mayar da shi baya. Daidai nan mahaifinku yake gyara zama."

Na mayar, har sau uku.