Alhamis a Alƙahira tare da sabon ɗalibi

Yau ban shiga aji ba, domin tun kafin yaron nan ya taso daga Katsina na yi wa mahaifinsa, Alhaji maƙwabcinmu, alkawarin cewa zan nuna masa gari kafin ya fara karatu. A farkon makon nan ya sauka, yana ɗauke da haddar Alƙur'ani, da takardar kammala sakandaren Arabiyya, da kuma wata ƙatuwar jaka wadda mahaifiyarsa ta cika da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Abin da bai zo da shi ba shi ne rigar sanyi, saboda an gaya masa cewa Masar hamada ce. A watan Disamba sanyin asuba a nan yakan sauko zuwa wajen digiri 10, kuma da yake gidajen an gina su ne domin zafi, an shimfiɗa musu tayil, sanyin yakan shiga ɗaki ya zauna har rana ta take, ta yadda wani lokaci waje ya fi ciki ɗumi. Na ara masa rigar sanyi da safa, muka fito daga gidanmu na Hayyul Ashir, unguwar da ke Madinatu Nasr inda ɗaliban Afirka da na Asiya suka yi yawa.

Mun fara tsayawa a wajen mai amalanken ful da ke bakin titi, inda ma'aikata suke karyawa a tsaye. Ful dafaffen wake ne mai faɗi da ake kwana ana dafawa a cikin wata doguwar tukunya mai siririn wuya, a dama shi da mai da gishiri da lemun tsami, a ci da gurasar da suke kira aish baladi. Akwai kuma ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosanmu, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Gurasar nan ita ce rayuwar talakan Masar, shi ya sa gwamnati take tallafa mata, kuma ko da aka ƙara farashin mai tallafin daga ƙirshi 5 zuwa 20 (ƙirshi shi ne kamar kwabon Masar) a watan Yunin 2024, bayan fiye da shekara 30 ba a taɓa shi ba, sai da maganar ta cika gari. Mu baƙi ba mu da katin tallafi, saboda haka a farashin kasuwa muke saye.

Na ce wa yaron ya yi mana odar da kansa. Ya gyara tsayuwa, ya jero buƙatarsa cikin Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Mai ful ya tsaya da ludayi a hannu yana kallonsa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Sadaƙallahul azim." Mutanen da ke wajen suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma na ga fuskar yaron ta canza. Da muka matsa gefe sai ya ce mini, "Yaya, ashe ba su iya Larabci ba?" Na ce masa sun iya, kuma duk abin da ya faɗa mutumin ya fahimta, sai dai a kunnensa irin wannan magana ta huɗubar Juma'a ce da labarun rediyo, ba ta sayen wake ba. Ɗalibanmu da yawa sukan tsaya a kan wannan fushin na ranar farko, su raina Larabcin titi su ƙi koyonsa, su ce zai ɓata musu harshe. A ganina wannan girman kai ne da yake cutar mai shi, domin wanda bai iya magana da direba da mai gidan haya da ma'aikacin ofis ba, kullum yana buƙatar wani ya raka shi, kuma wanda ake rakawa ba ya sanin gari.

Daga nan muka nufi tashar ƙananan motocin haya, farare, waɗanda ake kira maikrobas. Na nuna masa yadda fasinja yake tsayar da mota da alamar hannu, misali mai zuwa Hayyus Sabi', wato unguwa ta bakwai, yakan ɗaga yatsu biyu a buɗe, saboda haka ake rubuta lamba bakwai da Larabci. A cikin motar babu kwandasta. Kowa yakan miƙa kuɗinsa ga na gabansa, na gaban ya haɗa da nasa ya miƙa, har kuɗin su isa hannun direba, wanda yake tuƙi yana lissafi yana amsa waya, sannan canji ya biyo ta hanyar da kuɗin suka bi ya dawo wa mai shi ba tare da ya yi ciwon kai ba. Yaron ya yi ta bin kuɗinsa da ido har suka ɓace a kujerar gaba. Na koya masa abin da zai ce idan zai sauka, wato "Ala gamb, ya usɗa", ma'ana "A tsaya a gefe, direba", na kuma ja masa kunne cewa ya ɗaga murya, don direban Alƙahira ba ya jin mai kunya.

Duk abin da muka biya tun safe, sai na ga ya ciro waya yana mayar da shi naira. Ban hana shi ba, domin lissafin ya zama dole. An saki darajar naira a watan Yunin 2023, sannan a watan Maris na 2024 Masar ta saki nata kuɗin, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Ɗalibin da ake aiko wa kuɗi daga gida ya sha duka biyu ke nan: abin da iyaye suke aikowa ya ragu kafin ya iso, kayan masarufi da kuɗin haya kuma sun tashi a nan. Shi ya sa gidan da a da mutum huɗu suke zama yanzu za ka tarar da shida ko fiye, ana karo-karon kuɗin cefane ana girki bi da bi.

Mun sauka a Darrasa, muka gangara da ƙafa zuwa masallacin Azhar. Tsallaka titi a nan darasi ne mai zaman kansa, kuma dabarar da na ba shi ita ce wadda aka ba ni: ya nemi Bamisire mai shirin tsallakawa, ya tsaya ta gefensa inda motoci ba sa fitowa, ya taka duk inda ya taka, kada ya yi gudu kuma kada ya ja da baya.

Mun shiga ta ƙofar da ake kira Babul Muzayyinin, wato ƙofar wanzamai, inda a da ake yi wa ɗalibai aski. Da muka cire takalma muka taka farin dutsen farfajiyar, sanyinsa ya ratsa safa, yaron ya tsaya yana kallon hasumiyoyi, musamman ta Sarki Ghuri mai kai biyu. Fatimawa ne suka aza harsashin masallacin a shekarar 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma ƙarni bayan ƙarni ɗalibai sun zauna a sassan da ake kira riwaƙ, kowace al'umma da nata: na Magaribawa, na Turkawa, na mutanen Sham, har da na mutanen Borno. Na gaya masa cewa wani ɗan ƙasarsu, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna a garin nan bayan ya sauke farali, kuma a nan ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Yaron ya ce bai taɓa jin sunansa ba, alhali shi yaron a Katsina aka haife shi ya girma.

Jami'ar Azhar ta zamani, wadda dokar 1961 ta shigar wa fannoni irin su likitanci da injiniyanci, tana da azuzuwa da jarrabawa kamar kowace jami'a. Karatun cikin masallaci kuwa har yanzu yana nan a kan tsohon tsari, kyauta ne, kuma duk wanda ya zo zai samu wurin zama. Bayan azahar muka zauna a wata halƙar nahawu. Malamin yana kan kujera, ɗalibai sun kewaye shi a ƙasa, 'yan Indunusiya da Malesiya da 'yan Asiya ta Tsakiya da mu baƙaƙen fata, wasu sun ajiye wayoyi a gabansa suna naɗar murya, wasu suna cika gefen shafi da ƙananan rubutu. Wani ɗalibi ya karanta baiti, malam ya fara warware shi da tsantsar Larabci, na ga yaron yana gyaɗa kai, domin ya yi wannan karatun a zaure tun yana ƙarami. Can sai malam ya so ya kawo misali, ya juya harshe zuwa na gida, ya ba da wani ɗan labari, halƙa ta fashe da dariya. Yaron ya waiwayo ya dube ni. Ban fassara masa ba sai da aka tashi, kuma da na fassara dariyar ta riga ta huce, amma ƙa'idar da malam yake so ta zauna a cikin labarin take. Na lura daga nan bai sake cewa mutanen nan ba su iya Larabci ba.

Muka zaga ta bayan masallaci zuwa lungunan masu littattafai, inda shaguna suke jere an cika su har rufi. Ya so ya sayi wani sharhi mai mujalladi da yawa nan take, na hana shi, domin littafi guda yana da bugu iri-iri, wani cike da kurakurai, kuma sai malaminsa ya faɗi wanda zai karantar da shi. Mun kuma leƙa masallacin Shehu Ahmad Dardir da ke cikin lungun, malamin Malikiyya da ya rasu a 1786, wanda littattafansa na fiƙihu suke hannun malaman zaurenmu har gobe. Nan ne na ga yaron ya fi natsuwa a duk yinin.

Abincin rana koshari muka ci, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da ake kira adas da soyayyar albasa da miyar tumatir a kwano ɗaya. Mai kawo abincin ya tambaye mu ko mu 'yan Sudan ne, da muka ce Najeriya sai ya ce, "Ahsan nas", wato mafi kirkin mutane, ya shiga lissafo mana 'yan ƙwallo. Na gaya wa yaron kada kansa ya kumbura, don duk ƙasar da ka ambata haka za su ce. A hanyarmu ta fita wasu yara suka bi mu da kiran cakulan. Na ce masa zai riƙa jin irin wannan, wani lokaci ma daga manya, kuma yana da zafi, amma tsayawa cacar baki a lungun da ba ka san kowa ba ba ya haifar da ɗa mai ido.

Da la'asar ta yi sai na miƙa masa ragamar tafiya, na ce shi zai mayar da mu gida, ni kuwa ba zan buɗe baki ba. Muka ratsa cunkoson kasuwar Muski har Ataba, inda tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa take. Layin farko na jirgin nan an buɗe shi a 1987, shi ne na farko a Afirka, mu kuwa layi na uku za mu hau. Ya sayi tikiti da kansa, ya kusa jefar da shi bayan mun shige, sai wani dattijo ya taɓa shi ya nuna masa cewa da shi zai fita. Ya kuma doshi taragon da aka keɓe wa mata, ya ga alamar da kansa ya ja da baya. Muka sauka a Abbasiyya, ya tambayi mutum biyu kafin ya gane motar unguwarmu. Da muka kusa gida ya faɗi kalmomin saukar, amma a hankali, direba bai ji ba, sai da muka wuce da tazara wata mata ta ɗaga murya ta faɗa a madadinsa. Muka dawo da ƙafa, yana ta maimaita kalmomin shi kaɗai.

Da daddare aka tuƙa tuwon semo aka kaɗa miyar kuka da kayan da ya kawo, 'yan uwa daga gidaje biyu suka hallara, aka yi ta hirar siyasar gida da farashin masara har dare ya raba. Na ji daɗin zaman ƙwarai, amma ina kallon yaron yadda ya saki jiki, ina tuna waɗanda na sani da suka shekara huɗu a tsakanin wannan falo da aji, suka koma gida da takardar shahada ba tare da sun yi aboki Bamisire ko ɗaya ba.

Alhaji ya kira wajen ƙarfe goma, lokacin tara ce a gida. Bayan mun gaisa ya ce, "To, yaya ɗan naka?" Na ce masa lafiya lau, Baba, sai dai a aiko masa da kuɗin bargo da rigar sanyi. Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a nan, zai je a duba takardunsa a kuma sanya masa ranar jarrabawar tantance matakin harshe. Na rubuta masa sunayen tashoshin a takarda, na sa ya yi hoton fasfonsa ya saka a aljihu, na kuma gaya masa cewa ina da lacca ƙarfe takwas, saboda haka shi kaɗai zai tafi.